Wata Ukun da Mama Ludayi Ta Hana Mangwaro Abinci

Duk wanda ya san Mama Ludayi ya san ba ta zama. Ko baƙo ta yi, a tsaye take gaisawa da shi, hannu ɗaya a kan murfin tukunya, ido a kan wata tukunyar. Shekara ashirin da takwas ta yi tana dafa wa 'yan mata abinci a wata makarantar kwana, baki ɗari huɗu, sau uku a rana. A can ta samo sunan, domin ba a taɓa ganinta babu ludayi a hannu ba. Da shi take zuba miya, da shi take nuna hanya, da shi take korar yarinyar da ta sake shiga layi. Korar ma ta baki ce kawai. In ta ga wuyan yarinya ya yi tsawo, ko idonta ya yi fari, sai ta ce a hankali, "Ke, zagayo ta baya," ta ƙara mata.

Iyakar iliminta na duniya ke nan, kuma bai taɓa ba ta kunya ba: in abu ya rame a ba shi abinci, in bai murmure ba a ƙara masa.

Ranar da ta ajiye aiki, abokan aikinta ba su saya mata kwanuka ba, don sun san na gidanta sun kusa fin na makarantar yawa. Dashen mangwaro biyar suka kawo mata a baƙar leda, masu aure, irin da ba sa daɗewa ba su yi 'ya'ya ba. Sun tuna cewa a gindin wani tsohon mangwaro da ke bayan kicin ta yi rabin rayuwarta, tana tsintar shinkafa da yankan albasa. Ta dasa huɗu a jere a filin bayan gida. Na biyar, wanda ya fi ƙanƙanta, ta sa shi kusa da madafarta ta waje, ta raɗa masa suna Auta.

Madafar nan rumfar kwano ce mai manyan murhu uku, irin na makaranta sak, ita ta tsaya a kan magini har aka gina mata su. A nan take dafa wa masu taro a unguwa, ba don ta rasa abin ci ba, sai don hannunta bai san yadda ake dafa abincin mutum bakwai ba. Kullum da safe sai ta kwashe tokar murhun ta zuba a gindin itatuwan, ta bi da ruwan wanke-wanke. Auta, da yake shi ne a kusa, shi ya fi kowa samun rabo.

Shekara shida aka yi a haka. Itatuwan sun yi tsawo, amma ganyensu bai taɓa yin kore mai duhu irin na mangwaron mutane ba. Sai ya fito ƙanana, ruwan ɗorawa, jijiyoyin kawai ne kore, bakin ganyen a ƙone. Mama ta duba ta ce yunwa ce. Ta fara sayen takin zamani, yuriya, farin nan mai kama da sukari. Duk ranar da ta fito ta ga ganye ya ƙara fari, sai ta ɗebo da ludayi ta watsa a gindi, ko da damina ko da rani, ko da safe ko da rana tsaka. Wani lokacin wani wari mai yaji yakan tashi daga ƙasar har ya sa ta ƙwalla, sai ta ce, "Yauwa, yana aiki." In sanyi ya shigo, mangwaron maƙwabta ya cika da fure, nata sai ya cika da sabon ganye. A shekara shida, 'ya'yan da ta tsinka gaba ɗaya ba su cika roba ɗaya ba.

Mijinta tsohon mai gyaran agogo ne. Wayar hannu ta kashe masa kasuwa, amma har yanzu yakan shimfiɗa ƙaramin teburinsa a baranda, ya maƙala gilashi a ido ɗaya, ya yi awa uku a kan agogon da ba wanda zai zo karɓa. Ita tana kiransa Malam, shi yana kiranta Kuku.

"Kuku," ya ce mata wata safiya, ba tare da ya ɗago ba, "sau nawa kika wuce ni yau?"

"Ƙirgawa kake yi?"

"Goma sha ɗaya. Da itatuwan nan suna da ƙafa, da sun daɗe da tsallake katanga."

"Kai dai gyara agogonka. Da ka iya, da ba mu makara ɗaurin auren 'yarka ba."

Amma ba Malam ne damuwarta ba. Babban ɗanta ne, wanda ya zama magini. Shi da matarsa da 'ya'ya uku a ɗaki ɗaya suke a cikin gidan. Shekara biyu ke nan da ya buga bulo ya jera a jikin katanga, har ciyawa ta fito a tsakaninsu. Filin da ya rage a gidan kuwa, inda itatuwan suke ne. Rannan bayan la'asar ya zo ya tsuguna a gabanta, a gaban mahaifinsa.

"Inna, bulona yana tsufa."

"Mu ma muna tsufa, ba a rushe mu ba."

"Ba wasa nake ba, Inna. Yara a ƙarƙashin gado suke ajiye littattafansu. Itatuwan nan shekara shida kina ciyar da su, ko inuwar kirki ba su ba ki ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ma tana jin kukan jikokinta ta bango. Malam ne ya raba gardamar. Ya cire gilashin idonsa ya ce a ba itatuwan shekara ɗaya. In lokacin fure ya zo, duk wanda ya yi fure ya tsira, wanda bai yi ba a sa masa gatari a yi gini a wurin. Magini ya ce ya yarda. Mama ta ce ta yarda, da murya kamar wadda aka taka wa ƙafa.

Washegari ta ɗauki mayafi ta nufi shagon taki. Dabararta ɗaya ce: buhu guda, ba mudu ba.

Tana cikin ciniki da mai shagon, wata mata mai ɗauke da jakar takardu ta juyo da sauri.

"Wannan muryar, ko a mafarki na ji ta sai na miƙa kwano. Mama Ludayi!"

Mama ta ƙura mata ido, daga fuska zuwa wuya. "Ƙara-min? Ke ce kika yi wannan ƙibar?"

Ita ce. Yarinyar da ta fi kowa zagayawa ta baya a zamaninta, har sunan ya bi ta. Yanzu malamar gona ce, ta yi karatun ƙasa da shuke-shuke a wata ƙasa mai nisa ta dawo. Da ta ji me za a yi da buhun, sai ta ce wa mai shago ya dakata, ta sa Mama a motar ofis suka tafi gidan.

Ba ta fara kallon ganye ba. Ƙasa ta duba. Ta ga farin ɓawon da yake fitowa a samanta in ruwa ya bushe, ta leƙa butar shayi ta ga farin da ruwan rijiya ya bari a gindinta. Sannan ta tono wani dunƙule mai fari-fari ta ce, "Mama, a ba ni lemun tsami."

Ta matsa a kai. Dunƙulen ya fara kumfa yana ƙara, sii.

"In kika zuba kanwa a abu mai tsami, me yake yi?"

"Kumfa mana. Ni za ki koya wa?"

"To ƙasarki mai kanwa ce, tun asalinta. A irin wannan ƙasa, abincin da ganye yake bukata don ya yi kore yana nan a ciki, amma saiwa ba ta iya ɗauka. Kamar sitonki na makaranta ne, cike da buhuna, an kulle an tafi da makulli." Ta nuna tulin toka a gindin Auta. "Wannan kuma fa?"

"Toka ce. Taki ce ai."

"In kanwa ta ƙare miki a kicin, me kike tacewa a madadinta?"

Mama ta kalli tokar, ta kalli murhunta uku. Shekara shida, kullum safiya.

"Wato ni nake ƙara wa ƙofar kwaɗo," ta ce.

"Ba da mugunta ba, Mama."

Malamar ta zauna a kan bulon magini ta yi mata bayani daki-daki. Toka ta ƙare, ruwan sabulu ya ƙare. Yuriyar da take watsawa a busasshiyar ƙasa da rana, rabinta iska ke shanyewa, shi ne warin da take ji. Ta sayi taki mai salfa, wanda yake rage wa ƙasa kaifin kanwa, ta haɗa da ruɓaɓɓen kashin dabbobi. Kada ta zuba a jikin kututture. Ta duba inda inuwar itacen take ƙarewa da rana tsaka, ta haƙa ɗan rami zagaye a nan, ta zuba ta rufe, lokacin da ƙasa take da laima. Sau biyu: farkon damina, da kuma kafin ruwa ya ɗauke da kamar wata guda. In sabon ganye ya fito, akwai maganin feshi da za ta kawo mata, wanda ganyen zai sha kai tsaye ba sai ta saiwa ba.

Mama tana gyaɗa kai. Duk wannan aiki ne, ita kuwa ba ta tsoron aiki.

"Daga nan kuma," in ji malamar, "sai ki cire hannunki."

"Kamar yaya?"

"Daga ɗaukewar ruwa har ya yi fure, furen ya ƙulla 'ya'ya kamar ƙwayar wake. Ba taki, ba ban-ruwa. Wata uku, ko da ɗan ɗoriya."

"Ko ruwa?"

"Ko ruwa. Mangwaro sai ya huta, ya ɗan ji ƙishi, sannan yake tuna fure. In kika ba shi abinci a lokacin, ganye zai yi miki, ya ce an gode."

Mama ta dafe ƙirji. "Can inda kika je, abin da suka koya miki ke nan? A hana mai rai abinci? Da haka na yi miki da yanzu iska ta tafi da ke."

Malam daga baranda ya ce, "'Yata, rubuta mata a takarda. Ki rubuta har da cewa ta zauna."

Daminar ta yi wa Mama daɗi. Ta haƙa ramukan da hannunta, ta hana magini taɓa fartanya. Ta yi feshi da sassafe kamar yadda aka ce. Toka kuwa a bokiti take ɗauka har bola a ƙarshen layi. Kafin ruwa ya ɗauke, huɗun nan na jere sun yi wani kore da ba ta taɓa gani a gidanta ba. Auta ne kawai ya ɗan farfaɗo ya tsaya. Ƙasarsa ta sha toka fiye da ta kowa, malamar ta ce sai an yi masa haƙuri.

Sai ruwa ya ɗauke, wata ukun suka fara.

Makon farko ta share gindinsu sau biyu a rana, don shara ba ta cikin abin da aka hana. Mako na biyu ta wanke duk tukwanen gidan har da waɗanda ba a taɓa ɗorawa a wuta ba. Ƙafarta ta saba da hanyar rijiya zuwa bayan gida, sau da yawa sai ta tsinci kanta a tsakiyar fili da bokiti cike, ta tsaya, ta juya ta zuba wa kaji da ba su nema ba. Abin da ta hana itatuwa, mutanen gida suka sha shi. Jikoki in sun ji ƙarar ludayi a bakin tukunya sai su ɓuya. Surukarta mai ciki ta fara cewa ta riga ta ci tun kafin a tambaye ta.

"Kuku, wandona ya daina shiga," in ji Malam. "Ni ba mangwaro ba ne, amma ni ma a ba ni wata uku."

Ba ta yi dariya ba. Idonta yana kan Auta. Ƙasar gindinsa ta tsage, ganyensa na ƙasa ya fara sunkuyawa da rana. Tana girki tana kallonsa, shi ma kamar yana kallonta. Ta tuna wata yarinya a makaranta, shiru-shiru, wadda ba ta taɓa neman ƙari ba, sai ranar da ta faɗi a layin taro aka gane rabonta take ba ƙanwarta. Tun ranar Mama ta daina jira a roƙe ta.

A mako na shida, da hantsi, magini ya tafi wurin aiki, surukar ta tafi awo asibiti, Malam ya duƙufa a kan wani agogon bango. Mama ta shiga sito. Ragowar tsohuwar yuriya tana nan a ƙasan buhu, a bayan garwar mai. Ludayi uku kawai, ta ce wa kanta, kuma ba watsawa za ta yi ba, binnewa za ta yi yadda aka koya mata. Ta binne, ta bi da bokiti biyu, ta baza busasshiyar ƙasa a kai. A ranar ta yi barcin rana, karon farko a wata guda da rabi.

Bayan mako ta sake. Bayan wani makon ta sake.

Ranar da ta yi na ukun, Malam ya zagayo baya neman wata ƙusa, ya tsaya ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Ikon Allah," ya ce. "Hadari ya zo ya zaɓi gindin Auta shi kaɗai."

"Ƙusarka tana kan taga," in ji Mama.

Ya ɗauki ƙusarsa ya koma baranda, ita kuwa ba ta sake shiga sito ba.

Da sanyi ya kankama, wata safiya ta fito da bokitin toka ta ji wani ƙamshi mai nauyi, ga ƙarar ƙudan zuma. Na farko a jeren ya fitar da fure a kan kowane reshe, tsintsiya-tsintsiya. Cikin kwana goma sauran ukun suka bi. Maƙwabta suna leƙowa ta katanga. Mama ta zagaya su har jiri ya ɗebe ta.

Auta ma ya yi kyau, bai taɓa yin irinsa ba. Sabon ganye ja-ja, mai laushi, mai sheƙi, daga sama har ƙasa. Ta ɗaga kowane reshe ta duba. Ko fure ɗaya babu.

Ta kira malamar a waya ta faɗa mata huɗu sun yi, ɗaya bai yi ba.

"Sabon ganye ya fitar?"

"Eh."

"Mama. Kin taɓa shi?"

Mama ta kalli ƙofar sito.

"Mama Ludayi, zagayo ta baya kika ce masa ko?"

"Ya rame ne, 'yar nan."

Malamar ta yi ajiyar zuciya, sannan ta ce bana kam ya wuce. In aka bar shi ya huta baɗi, tana sa ran zai yi. Ba ta yi alkawari ba.

Ranar hutunsa magini ya fito da igiyar awo da turaku. Bai zo da fara'a ba, bai kuma zo da faɗa ba. Ya tsaya a gaban huɗun ya ce, "Inna, kin ci. Waɗannan ko ganyensu ba zan taɓa ba." Sannan ya juya wajen Auta. "Wannan kuwa, kin ji abin da Baba ya ce. In na cire shi, ɗaki ɗaya zai fita tsakanin nan da katanga."

Ya kafa turke na farko. Mama tana tsaye a bakin madafa, tana juya ludayi a hannu.

"Ba laifinsa ba ne," ta ce.

"Na'am?"

"Ni na ba shi taki a ɓoye. Sau uku, da ruwa. Da na bar shi da ya yi kamar 'yan'uwansa."

Magini ya kalli mahaifinsa. Malam ya ce, "Kada ka kalle ni, ni hadari na gani."

"To Inna yaya kike so in yi? Wata biyu ya rage a haihu. Ba zan ce wa jariri ya jira baɗi ba."

Mama ta taka daga bakin rumfar zuwa bangonta na baya, tana ƙirga taku a ranta, ta dawo ta taka ta ɗaya gefen. Ta tsaya a gaban babban murhun, wanda take ɗora tukunyar da mutum biyu ke ɗauka. Bakinsa ya yi sumul saboda shekara bakwai na gogar tukunya.

"Auna nan," ta ce.

"Madafar?"

"Auna mana, ko igiyar taka ba ta aiki a inda na nuna?"

Ya auna, ya sake aunawa. In ya ja ginin baya ya bar wa saiwar itacen wuri, ɗakin zai fito, sai dai zai gaza wancan da faɗin bulo biyu.

"Inna, a ina za ki riƙa dafa na taro?"

"Masu taro su nemi wata. Dama tokar nan ta ishe ni kaiwa bola." Ta nuna Auta da ludayi. "Cire turken nan daga gindinsa, kana taka masa saiwa."

Kwana uku aka yi ana rushe murhun. Ba ta tsaya kallo ba, ta tafi gidan 'yarta ta wuni tana gyara mata sito ba a sa ta ba. Yanzu a ƙaramin kicin na cikin gida take girki, a kan risho mai kai biyu, kuma har yau in ta auna shinkafa sai surukarta ta rage rabi a ɓoye.

Ranar da gini ya kai taga, ta fito da sassafe ta ga furen huɗun ya zube, a wurinsa ga ƙananan 'ya'ya kore, kamar ƙwayar wake. Ko mayafi ba ta ɗauka ba ta lalubo waya.

"Ƙara-min, sun ƙulla. Yanzu fa?"

"Yanzu ki ba su ruwa, Mama. Kaɗan-kaɗan, ba irin zubin miyarki ba."

"Auta fa?"

"Ruwa kawai in zafi ya tsananta. Taki sai damina."

"Ko ludayi ɗaya?"

"Mama!"

Ta ajiye wayar, ta ja ruwa ta cika bokiti biyu. Hanyar zuwa jeren ta gaban Auta take bi. Da ta zo daidai shi sai ta kau da kai wajen sabon bangon, ta ƙara sauri, ruwa yana fantsalar mata a ƙafa.

"Ɗaya," in ji Malam daga baranda, ya soma ƙirgarsa.